Paris Ta Fi Maraɗi Kusa Da Yamai: Wa Ya Zana Mana Wannan Taswira?



Yau da lissafi na zo muku, irin wanda ɗan aji shida zai iya yi a bayan littafinsa. Ku ɗan ba ni hankalinku, don in muka gama shi tare za ku ga ba zancen jirgi kaɗai ba ne.

Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da filin Charles de Gaulle na Paris akwai kusan kilomita 3,950. In ka duba taswira za ka ga Paris tana arewa da Yamai sak, kamar an ja zare daga ƙasa zuwa sama. Lokacin da jirgin Air France ke zirga-zirga, kafin ya daina zuwa a watan Agustan 2023, tafiyar awa biyar da rabi ce, ko kusa da haka.

To, tsakanin Maraɗi da Yamai fa? Kusan kilomita 660 ne a kan kwalta. Kar ya bar tasha da asuba, ya wuce Tibiri gari bai gama wayewa ba, ya bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. In Allah ya kiyaye, taya ba ta fashe ba, ba a daɗe a shingaye ba, awa goma ce ko fiye. Duk wanda ya taɓa yin wannan tafiya ya san yadda ƙafa ke kumbura da yadda baya ke ƙagewa kafin a ga fitilun Yamai.

Mu haɗa biyun. Mutum biyu su tashi lokaci guda, ɗaya daga Paris ta sama, ɗaya daga Maraɗi ta ƙasa, dukansu Yamai suka nufa. Na Paris zai sauka, a buga masa fasfo, ya ɗauki jakarsa, ya shiga masauki, ya yi wanka, ya ci abinci har ya rintsa, namu kuwa yana tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi yana kaɗe ƙura. Wanda ke da tafiyar kilomita kusan 4,000 ya riga mai kilomita 660 isa babban birnin ƙasarsa. Shi ya sa na ce Paris ta fi Maraɗi kusa da Yamai, kuma ba da wasa na faɗa ba.

YADDA AKE AUNA NISA A SAMA

Bari in ɗan yi bayani, don kada a ɗauka wani siddabaru ne da sai injiniya ke ganewa. Babban jirgin fasinja, in ya kai ƙololuwar tafiyarsa, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. Ka raba nisan tafiya da wannan gudun, ka ƙara kamar rabin awa na hawa da sauka da jan jiki a kan titi, ka samu lokacin tafiya. Iska na iya ƙarawa ko ragewa. Haka nan jirgi ba ya bin layi miƙaƙƙe kullum, akwai hanyoyin da aka shata masa a sama, kuma in wata ƙasa ta rufe sararinta dole ya yi zagaye.

Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ake jigilar cikin gida da shi, gudunsa wajen kilomita 450 zuwa 500 ne a awa. Maraɗi da Yamai ta sama kusan kilomita 540 ne, tunda babu kwanar Ƙonni babu ta Doso. Ke nan awa ɗaya da ƴan mintoci. Ku riƙe wannan: awa ɗaya da kwata a sama, awa goma a ƙasa. Awa taran nan da ke tsakani ba Allah ya ɗora mana su kamar zafin watan Afrilu ba. Mutane ne suka zauna suka zaɓi inda za a zuba kuɗi da inda za a bari.

ALHAJI NA YAMMA, MAKKA NA GABAS

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen aikin Hajji da Umara. Kowa a garin nan ya san inda alƙibla take, gabas muke kallo sau biyar a rana. Amma maniyyacin Maraɗi da aka ce masa daga Yamai zai tashi, yamma yake fara nufa, ya ba Makka baya har tsawon yini guda.

Ga lissafin. Daga Maraɗi zuwa Jidda a miƙe kusan kilomita 3,500 ne. Daga Yamai zuwa Jidda kusan 4,000. Daga Kano kusan 3,400. Wato tsohon da ya fito daga Jiratawa ya sha kilomita 660 a mota don ya ƙara wa kansa nisan kilomita 500 a sama. Jirgi ya ɗauke shi daga Yamai, cikin mintoci 40 ya dawo da shi daidai saitin jiharsa, ya wuce. Tafiyar da ta ci masa yini ɗaya, jirgi ya warware ta kafin a gama raba ruwan sha. Da dawowa ma haka: ya wuce saitin gida ta sama, a sauke shi Yamai da gajiyar Mina da Arfa a jikinsa, da tari, da jarkar zamzam da jakunkuna, ya sake neman kar na awa goma.

Shekarar da na raka gwaggona, mun bar Maraɗi da cewa jibi za su tashi. Kwana biyar muka yi a Yamai, kullum a ce gobe. Mu dai muna da ƴan uwa a can, mun samu tabarma da tuwo. Na ga waɗanda ba su da kowa, tsofaffi daga ƙauyukan Tibiri da Madarumfa, suna cinye guzurin da suka tara don Makka tun ba su ga jirgi ba. Wata dattijuwa ta ce mini, “Ɗana, ni jirgin ba ya ba ni tsoro, zaman nan ne ya gama da ni.” Tafiyar sama ta awa biyar zuwa shida ta zama ta mako guda, kuma duk ƙarin a ƙasa aka yi shi.

Wani zai ce ai mu gode wa Allah, kakanninmu da ƙafa suka je. Gaskiya ne, kuma mun gode. A da maniyyaci kan bi ta Barno da Cadi da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, ya ƙara gaba har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu ba su dawo ba, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau, irin na garin Mai Wurno. Amma ku lura da abu ɗaya: su ko da ƙafa ne, gabas suka dosa tun daga ƙofar gida. Ba wanda ya ce musu su fara zuwa bakin kogin Kwara su yi layi.

Kuma hanyar gabas ɗin ta sama ma yanzu ta ƙara tsawo. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da ke tashi daga yankinmu zuwa Saudiyya suka koma yin zagaye, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ya ƙaru. Wannan ba mu da iko a kansa. Amma tunda sama ta ƙara nisa, ai hankali ya ce a rage wa mutane na ƙasa, wanda shi yana hannunmu.

TASWIRAR DA MUKA GADA

Wannan nisan yana da tarihi. Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da sarakunan Katsina da na Gobir suka kafa zamansu a ƙarni na 19, kuma tun fil'azal kasuwarmu da aurenmu da karatunmu kudu da gabas suke kallo. Sai Faransa da Ingila suka zauna tsakanin 1898 da 1906 suka ja layi a takarda, Katsina ta faɗa can, mu muka faɗo nan. A 1926 Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, can ƙarshen yamma. Daga ranar duk wata takarda mai muhimmanci ta yi mana nisa.

Dattawan ƴan kasuwa za su tuna zamanin gyaɗa. Gyaɗar Maraɗi ta Kano take fita, saboda jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma nan ne kusa. A shekarun 1950 Faransa ta ƙirƙiro shirin da ta kira Opération Hirondelle, don a karkata kayan su bi ta Parakou zuwa Kotono, hanya mai nisa amma wadda ba ta fita daga ƙasashen da take mulka. Tun lokacin aka saba mana da bin doguwar hanya saboda lissafin wani.

Sama ma haka aka zana ta. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, daga baya Kano ta zama zangon jiragen da ke tsallaka Sahara. Amma hanyoyin da aka shimfiɗa duka daga ƙasar da ake mulka ne zuwa gidan mai mulka: Kano da Legas zuwa Landan, Yamai da Dakar da Abijan zuwa Paris. Ba wanda ya damu da haɗa maƙwabci da maƙwabci. Bayan ƴancin kai ƙasashenmu sun gwada gyarawa, suka kafa Air Afrique a 1961, Nijar na ciki. Kamfanin ya mutu a 2002 da bashi a wuyansa. A 1999 aka amince da ƙudurin Yamusukro na buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa. Takardu sun cika durowa. Amma har yau ɗan Nijar da zai je wata ƙasar Afirka sau da yawa sai ya kwana a Lome ko Abijan ko Addis Ababa ko Kasablanka, wani lokacin har Istanbul, kuma kuɗin biye ya fi na zuwa Turai.

Abin mamaki, ba sani ne ya yi mana ƙaranci ba. A Yamai makarantar EAMAC take, ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu hasashen yanayi na ƙasashen Afirka da dama. Kuma sararinmu babbar hanya ce. Ku tuna ranar 6 ga Agustan 2023 da aka rufe sararin samaniyar Nijar: manyan jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Najeriya da Afirka ta Kudu sai da suka koma zagaye mai nisa, wasu suka juya daga hanya, har aka sake buɗewa a farkon Satumba. Duniya ta ji a jikinta. Waɗannan fararen layukan da yaranmu ke nunawa a sama da yamma, jiragen wasu ne ke wucewa ta kanmu suna biyan kuɗin hanya. Muna da sama mai daraja, amma ba mu da tsani.

ƘOFAR KUDU DA ABIN DA 2023 TA KOYA MANA

Bamaraɗe ba ya zama jiran gwamnati, shi ya sa tun tuni ƴan kasuwarmu suka samo dabararsu. Ka fita ta kudu, ka bar Jiratawa a gefe, ka bi Ɗan Isa, ka tsallaka Jibiya, Katsina ba ta kai kilomita 100 ba. Kano kuma wajen 260, awa huɗu zuwa biyar in shingaye ba su yi yawa ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano na karɓar jiragen Saudiyya da na Masar da na Habasha. Mai zuwa Umara, mai sarin kaya a Dubai ko Sin, mai kai mara lafiya Alƙahira, da yawansu ta nan suke bi. A zahiri filin jirginmu na ƙasa da ƙasa yana cikin wata ƙasa.

Sai 2023 ta zo. Bayan 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, iyaka ta rufe. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai cikin Maris. Wata kusan takwas ƙofar kudu na kulle. Ko me mutum ke tunani game da siyasar lokacin, darasin ɗaya ne: garin da ƙofarsa ta fita duniya ke hannun wata gwamnati, ranar da aka yi faɗa shi ke kwana a ɗaki. Ga kuma ƴan bindiga da suka addabi dajin iyaka, daga yankin Madarumfa da Gidan Rumji har Jibiya, sun sa tafiyar dare ta zama kasada.

Ba cewa nake a juya wa Kano baya ba, Allah ya kiyaye. Kano da Katsina jininmu ne, ba layin Bature zai raba mu ba. Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, duk ranar da aka kammala shi, ko da gudun kilomita 100 a awa ne, Kano ta zama tafiyar kusan awa uku. Alheri ne babba. Amma mai hankali ba ya gina ɗaki da ƙofa ɗaya, balle a ce makullin na aljihun maƙwabci.

“AI JIRGI NA MASU KUƊI NE”

Na san wannan magana na nan tafe, don na sha jin ta a fada da wajen shan shayi. Za a ce mini, “Kai ɗan boko, mutane na neman tiyar hatsi kana zancen jirgi.” Maganar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Ruwan sha da likita da makaranta da tsaro sun riga jirgi, ba musu. Amma mu duba wa ke biyan kuɗin nisan nan a yau.

Mai kuɗi ba ya jin sa. Yana da mota mai sanyi da direba, yana da gida a Yamai, in ya ga dama ya tsallaka Kano ya kwana a otal. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suna da jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sauka filinmu ya kwashe su. Manyan gwamnati in za su zo buɗe taro ta sama suke zuwa, su koma a ranar. Wanda ke biya shi ne manomin da ya shekara ashirin yana tara kuɗin Makka. Ita ce matar da aka tura cibiyar ciwon daji ta Yamai, ana riƙe da ita a kujerar kar tana amai tun daga Madawa. Shi ne ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya samu gurbin ƙaro karatu a waje, ya yi sawu uku zuwa Yamai kan takarda ɗaya. Shi ne ƙwararren likitan da zai iya zuwa ya yi wa mutum ashirin aiki ya koma a yini biyu, amma ba ya zuwa saboda hanya kaɗai za ta ci masa kwana biyu. Talaka bai hau jirgi ba, amma rashin jirgin a kansa yake ƙarewa.

Ku je Jiratawa ku gani. Fadamar noman rani ce ta sama da hekta 500, ana aiki a cikinta tun shekarun 1980, zogalenta ya yi suna har wajen jiha. Ganye da tumatir ba sa jiran kowa, kowace awa a kan hanya asara ce. Ba na cewa gobe za a loda zogale a jirgi zuwa Jidda. Ina cewa mai son ya zuba jari a busar da shi da niƙa shi da ƙulla shi, tambayar farko da zai yi ita ce: ta yaya zan iso, kuma awa nawa? In aka ce masa ya sauka Yamai ya ƙara awa goma, sai ya kai kuɗinsa wani wuri. Aikin da ya tafi da shi na ƙannenmu ne da ke zaune a bakin titi.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce babu fasinja. To wa ya ƙirga? A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, ita ce ta biyu bayan Damagaram, kuma yau ta wuce haka nesa. Ita ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa. Kowace safiya kar nawa ke fita Yamai cike maƙil? Mutum nawa ke tsallakawa Kano don hawa jirgi a kowane wata? Fasinjan na nan, an dai tarwatsa shi ne ta hanyoyi biyu, sannan a zo filinmu a ga ba kowa a ce babu kasuwa. An gwada jigilar cikin gida a baya, kamfanoni sun tashi sun faɗi. Abin da ke kashe su sananne ne: yau akwai jirgi gobe babu, da tsadar da haraji kala-kala ke ƙara wa biye. Ba mai gina harkarsa a kan jirgin da bai san ranar zuwansa ba. Ka tsayar da rana da lokaci, ka riƙe su shekara guda, ka ga ko mutane ba za su zo ba.

Hujja ta uku, babu kuɗi. A 2019 an sabunta filin jirgin Yamai kafin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli, kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin a kan sama da miliyar 100 na sefa, da sharaɗin ya riƙe filin shekara 30. Ba mu yi baƙin ciki ba, filin ƙasarmu ne, kuma ya yi kyau. Amma ya nuna in an so ana samun hanya. Mu ma a nan mun ga bikin 18 ga Disamban 2015, Maraɗi Kwalliya, mun ga yadda aka iya zuba ayyuka cikin ƴan watanni saboda manyan baƙi za su zo. Abin da aka iya yi don biki na yini ɗaya, a yi shi don rayuwar kullum mana.

ABIN DA MUKE NEMA

Don kada a ce surutu ne kawai, ga buƙatu ƙarara, kuma kowace da mai ita.

1. Ma'aikatar sufuri da hukumar ANAC su fito su gaya wa jama'ar Maraɗi halin da filin jirginmu ke ciki, da Hausa, a rediyo. Tsawon titinsa nawa ne, wane irin jirgi zai iya ɗauka cike da kaya? Akwai fitilun saukar dare? Motocin kashe gobara sun kai matakin da babban jirgi ke buƙata? Akwai wurin ajiyar mai, da katanga, da ofishin duwan da ƴan sandan iyaka? Waɗannan su ne ke mayar da fili na ƙasa da ƙasa, ba allon da aka kafa a bakin ƙofa ba. A faɗi abin da ya rage, da kuɗinsa, da ranar gamawa.

2. Hukumar COHO da ajans-ajans na Hajji su sa tashi daga Maraɗi cikin sharuɗɗan kwangilar da ake ba kamfanonin jirgi, kowace shekara, a rubuce. Nijar na samun kujeru sama da 15,000. A wallafa nawa ne daga cikinsu ke fitowa daga jihar nan. In adadin ya cika jirgi biyar ko goma, da wace hujja za a kwashe su zuwa yamma? Katsina da ke nan kusa da mu tana tashin alhazanta daga filinta. Kafin filinmu ya shirya kuwa, kada a kira maniyyaci Yamai sai an tabbatar da ranar tashinsa, kuma kwanan da ya ƙaru a kan wanda ya jawo jinkirin, ba a kan guzurin tsoho ba.

3. A samar da jirgin cikin gida mai tsayayyen jadawali tsakanin Yamai da Maraɗi da Damagaram, ko sau uku ne a mako. A sassauta harajin da ke kan biyen cikin gida, a ware ƴan kujeru masu rangwame ga marasa lafiyar da likita ya tura.

4. Ƴan kasuwarmu, alhazan garin nan, ku ma da naku. Ku ne kuka fi kowa hawa jirgi, ku ne kuka fi sanin abin da kuke kashewa a hanyar Kano da Yamai. Ku zauna a majalisar ƴan kasuwa ku fitar da adadi, ku ce mun ɗauki alkawarin kujera kaza a mako. Kamfani ba ya jin roƙo, lamba yake ji. Iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tibiri, muryarku na kaiwa inda tamu ba ta kaiwa, muna roƙon ku sa baki.

5. A rage dalilan zuwa Yamai tun asali. Duk takardar da za a iya yi a Maraɗi a yi ta a Maraɗi, duk wadda za a iya aikawa ta intanet a aika. Sannan a kula da kwaltar kanta, don ko an kawo jirgi goma, mafi yawanmu a kanta za mu ci gaba da tafiya.

Tun 2023 bakin kowa ɗiyauci, kuma ni ma ina cikin masu so. Ana cewa zancen ƙasa ne. To ƙasa ba ta tsaya a gadar Kennedy ba. In mun kori taswirar da ta sa komai ya bi ta Paris, muka bar wadda ta sa komai ya bi ta Yamai, rabin aikin muka yi. Ɗan Difa da ke da tafiyar sama da kilomita 1,300 zuwa babban birni ya fi mu kuka, ɗan Agadas ma haka, kuma wannan magana tasu ce kamar yadda take tamu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ga ɗan aikin da nake roƙon kowa ya yi. Duk wanda ya yi tafiyar Hajji ko Umara ko jinya ko kasuwanci daga jihar nan cikin shekara biyun da suka wuce, ya ɗauki takarda ya rubuta abu uku: awa nawa ya yi a sama, awa nawa ko kwana nawa ya yi a ƙasa kafin ya hau jirgi da bayan ya sauka, da jikka nawa ya kashe tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar jirgi. Ku tambayi iyayenku da ba sa rubutu ku rubuta musu. Mu tattara, mu haɗa lissafin, mu kai ofishin gwamna da hannunmu, da ladabi, da rana tsaka. Wanda ya ce babu fasinja sai ya karanta.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan na nesa, ya kai maniyyatanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.